Sharhi a kan bindigar Lee-Enfield SMLE da banatinta na 1907 ga mai tara tsofaffin makaman soja

Daga cikin tsofaffin bindigogin soja da ake sayarwa a shagunan kayan tarihi da kasuwannin gwanjo na Ingila, Lee-Enfield samfurin SMLE, wato gajeriyar bindigar sojan Ingila mai gidan harsashi (Short Magazine Lee-Enfield), tana cikin waɗanda suka fi yawa, saboda haka ita ce kusan kowane sabon shiga harkar tara makaman da sojoji suka daina amfani da su yake fara cin karo da ita. Wadda wannan sharhi ya shafa ita ce Mk III*, ƙirar kamfanin BSA na Birmingham, mai ɗauke da shekarar 1918, wadda aka toshe bisa ƙa'idar doka ta yadda ba za ta sake harbi ba. Na saye ta ne a hannun wani dillalin kayan soja da ke tsakiyar Ingila, tare da banatinta samfurin 1907, wato doguwar wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindigar, ƙirar Wilkinson. A ganina kaya ne da ya cancanci kuɗinsa, amma ga mutumin da zai iya kame hannunsa kaɗai, domin darajar wannan bindiga tana cikin hatiman da aka buga mata da kuma sawun shekarun da ta yi a hannun soja, kuma waɗannan su ne abubuwan da mai zumuɗin gyara yake fara sharewa da samfefa.

James Paris Lee ne ya tsara sakatar bindigar, wato ƙarfen da ake ja a tura don ɗura harsashi, da gidan harsashinta, ita kuma masana'antar makamai ta gwamnati da ke Enfield, a arewacin Landan, ta tsara zanen cikin bututun. Bayan yaƙin da Ingila ta gwabza da Turawan Boer a Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1902, hukumar soja ta nemi bindiga ɗaya da za ta wadatar da dakarun ƙasa da mahaya dawakai baki ɗaya, wadda ba ta kai ta dakarun tsawo ba, ta kuma fi ta mahayan. Daga nan aka sami SMLE a 1904, sannan aka amince da samfurin Mk III a watan Janairun 1907. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, masana'antu suka kasa ƙera ta da saurin da ake bukata, sai aka rage mata abubuwan da ke cin lokaci daga ƙarshen 1915. An cire ɗan murfin da ke tsare harsasai a cikin gidansu don a riƙa ɗurawa ɗaya bayan ɗaya, an cire ma'aunin saitin nesa da ke gefen hagu, wanda ke kaiwa yadi 2,800, an kuma cire abin karkata saiti saboda iska. Ɗan tauraron da ke bayan lambar Mk III* shi ne shaidar wannan ragi. Yana da kyau mai saye ya san wannan, domin Mk III ta kafin yaƙi da ba a taɓa ba ta fi Mk III* tsada nesa ba kusa ba, kuma akwai dillalan da ke maƙala wa bindigar yaƙi sassan da ba nata ba don su ɗaga farashi.

A hannu, bindigar tana da nauyin kusan kilo 4 da tsawon santimita 113, bututunta kuma santimita 64 ne. Itace ya rufe bututun har zuwa baki, inda ya ƙare da wani ƙarfe mai kauri da ke kare saitin gaba, ya kuma riƙe banati, wanda shi ne ya ba ta wannan dakusasshen hanci da ake gane ta da shi tun daga nesa. Gidan harsashinta yana ɗaukar harsashi 10 na .303, ninki biyu na abin da bindigar Mauser ta Jamus ke ɗauka. Haƙoran kulle sakatar suna baya, hannun sakatar yana kusa da kunama, kuma ɗagawarsa gajeriya ce, shi ya sa ƙwararren sojan Ingila na 1914 yake iya harbi 15 a cikin minti ɗaya bisa saiti. Ko a toshe, mutum yana jin cewa an tsara ta ne don hannun da ya gaji kuma yake cikin taɓo. Ba ta da kyan gani irin na Mauser, wadda aikin ƙarfenta ya fi tsabta, amma ta fi ta daɗin riƙo.

Inda SMLE ta yi wa takwarorinta fintinkau a wajen mai tarawa shi ne yawan rubutun da ke jikinta. Turawan Ingila ba su taɓa wannan bindiga ba sai sun buga hatimi. A zoben ƙarfen da ke haɗa gindin bindigar da jikinta, ƙarƙashin hannun sakata, akwai kambi da haruffan G.R., alamar Sarki George na Biyar, sai sunan masana'anta, sai shekara, sai samfurin. Masana'antar tana iya zama Enfield ko BSA ko LSA ta Landan, ko Lithgow ta Ostiraliya, ko Ishapore ta Indiya. Kan kibiya mai faɗi yana nufin mallakar gwamnati ce, kibiyoyi biyu da suka haɗa baki kuwa suna nufin gwamnati ta sayar da ita. Haruffan FTR suna nuna cewa an mayar da ita masana'anta an yi mata cikakken gyara, su kuma DP suna nuna cewa an rage mata matsayi zuwa ta fareti da horo kaɗai, ba a yarda a harba ta ba. A gefen gindin akwai ɗan faifan tagulla da ake rubuta sunan bataliya da lambar bindigar a ma'ajiya, ko da yake a yawancin na lokacin yaƙi an bar shi babu rubutu ko an cike gurbinsa da itace. Lambar bindigar kanta tana bayyana a jiki da bututu da bayan hannun sakata da ƙarfen hanci da ƙarƙashin saitin baya, kuma mai saye ya duba ko duk sun yi daidai. A tawa, lambar jiki da ta bututu da ta sakata sun dace, amma ta ƙarfen hanci daban ce. Wannan bai dame ni ba, tunda masu gyaran makamai na soja sun saba musanya sassa, kuma bindigar da ta yi yaƙi biyu ba ta cika fita da dukkan sassanta na asali ba. Abin da ya dame ni shi ne dillalin ya tallata ta a matsayin mai lambobi iri ɗaya, bai kuma yarda da kuskuren ba sai da aka nuna masa, sannan ya rage wani abu a kan kuɗin.

Babban aibin kayan shi ne toshewar da aka yi masa. Harsashin .303 ba ya cikin waɗanda dokar Ingila ta ɗauka a matsayin waɗanda zamaninsu ya wuce, saboda haka wanda ba shi da lasisin bindiga ba zai mallaki SMLE ba sai an kashe ta. Ana tsaga bututun ta ƙarƙashin itace, a toshe mazaunin harsashi da ƙarfe a yi masa walda, a yanke fuskar sakata, a lalata allurar da ke bugun harsashi. Daga nan sai a kai ta ɗaya daga cikin gidajen gwajin bindiga biyu na ƙasar, na Landan ko na Birmingham wanda aka kafa a 1813, su duba, su buga hatimi, su ba da takardar shaida. An tsaurara ƙa'idojin a 2016 da kuma 2018, ta yadda yanzu ake hana raba manyan sassan ƙarfen da juna, kuma dokar 2017 ta haramta sayar da bindigar da aka toshe bisa tsohuwar ƙa'ida ko bayar da ita kyauta sai an sake mata aiki. Tun daga ƙarshen 2019 kuma, akwai wajibcin sanar da ma'aikatar cikin gida idan irin wannan bindiga ta sauya hannu. Ban ga laifin dokar ba, amma ga mai son tarihi asara ce, domin ba zai iya leƙa cikin bututun ya ga irin cin da tsohon albarushi ya yi masa ba, ba zai kuma iya warware sakata ya ga yadda aka tsara ta ba. Ingancin waldar ma ya danganta da wanda ya yi ta. A tawa an ɓoye yawancinta a ƙarƙashin itace, amma akwai ɗigon walda guda a cikin jikin da ke bayyana da zarar an ja sakata, kuma zafinsa ya ƙona launin ƙarfen da ke kewaye. Mai saye ya nemi a nuna masa hoton wannan wuri kafin ya biya, ya kuma tabbatar lambar da ke kan takardar shaida ita ce a jikin bindigar, domin ba tare da wannan takarda ba ya sayi fitina ne da kuɗinsa.

Ta fuskar gyara kuwa, bindigar tana da sauƙin sha'ani ga wanda ya san tsarinta, tana kuma da tarko ga wanda bai sani ba. Itacen kashi huɗu ne: gindi, da dogon itacen ƙasa, da marufai biyu na sama. Tarkon da ya fi kowanne lalata bindigogi shi ne dogon sukurun da ke riƙe gindi. Ƙarshensa mai kusurwa huɗu ne, yana kuma zaune a cikin wani ɗan ƙarfe da ke bayan itacen ƙasa, don haka duk wanda ya murɗa shi kafin ya cire itacen ƙasa zai tsaga itacen daga baya, kuma wannan tsaga ce ake gani a bindigogi da dama a kasuwa. Ana fara cire ƙarfen hanci ne, sai zoben tsakiya, sai sukurun da ke riƙe zoben ciki, sai ƙarfen da ke kare kunama, sannan a sauke itacen ƙasa a miƙe ba tare da an ja shi daga baki ba, domin jan sa daga baki yana murƙushe wurin da itacen ya dafe jikin bindigar. Akwai kuma ɗan ƙaramin sifirin da ɗan ƙarfensa a kusa da hanci waɗanda ke faɗuwa su ɓace idan ba a lura ba. Marufin baya yana da 'yan yatsu biyu sirara da ke kewaye saiti, masu saurin karyewa. Sukurorin duk na tsohon awon Enfield ne, ba a samun madadinsu a shagon kayan gini, don haka a yi amfani da sukundireban da bakinsa ya cika tsagar daidai, kada a ɓata kawunansu.

Itacen tawa na gyaɗar Turawa ne, wanda ake kira walnat, kuma ya zo ya yi baƙi ya sha mai kamar tsohon turmi. A nan ne akasarin mutane ke yin ɓarna. Wasu suna kankare shi da samfefa har ya yi fari, su shafa masa fenti mai ƙyalli, wasu ma suna wanke shi da sinadarin wanke murhu, wanda ke cinye ƙwayar itacen. Sakamakon shi ne gefuna su yi dakushi, itace ya koma ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya yi daidai da shi, hatiman masu duba kaya su shafe, bindigar ta rasa kaso mai yawa na kuɗinta nan take. Sojan Ingila ɗanyen man linsid (linseed), wani man tsiro mai bushewa a jikin itace, yake shafa wa itacen, kuma shi ne ya kamata a ci gaba da shafawa. Na goge dattin sama da tsumma da ɗan man tafentain gauraye da linsid, a hankali, ina sauya tsumma har ya daina yin baƙi, sannan na riƙa shafa man kaɗan-kaɗan da tafin hannu, ina goge ragowar, ina barinsa ya bushe kafin wani shafin. Launin ja mai duhu ya fito, hatimai biyu da ba a ganinsu a ƙarƙashin wuyan gindi suka bayyana. Ana iya tayar da lotsawar itace da jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga mai zafi, amma tururin yana tayar da hatimi kamar yadda yake tayar da lotsawa, saboda haka na bar nawa yadda suke. Tsumman da ya sha linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye, don haka a shanya shi a waje ko a jefa shi cikin ruwa. Wanda ya sayi ƙirar Lithgow ya ƙara taka-tsantsan, domin yawancinsu an yi su ne da wani itacen Ostiraliya mai saurin tsagewa, su kuma na Indiya sukan zo da wani sukuru da aka ratsa itacen ƙasa da shi don ƙarfafa shi. Wannan sukuru aikin soja ne, ba aibi ba ne, kuma bai kamata a cire shi ba.

Ƙarfen bai ba ni wahala ba. Abin da ake bukata shi ne a bambance tsatsa mai rai, ja mai gari, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe, da launin ƙasa-ƙasa mai santsi da shekaru suka bari, wanda ba ya cutar da komai. Ta farkon ce kaɗai abokiyar gaba. Na jiƙa wuraren da man Ballistol, wanda aka ƙirƙira a Jamus a 1904 don sojojin ƙasar, na bar shi ya ratsa, sannan na kankare da ɗan guntun tagulla, wanda ya fi tsatsa ƙarfi amma bai kai ƙarfen bindiga ba, na ƙarasa da soson ƙarfe mafi laushi cikin mai. Ruwan cire tsatsa da ake sayarwa a kwalba yana aiki sosai, amma bai dace da wannan kaya ba, domin baƙin launin da masana'anta ta yi wa bindigar shi ma wani nau'in tsatsa ne da aka sarrafa, kuma ruwan ba ya bambance su, sai ya bar ƙarfen fari fat. Bayan an gama, shafi ɗaya siriri na kakin Renaissance Wax, wanda aka samar a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950, ya fi mai amfani ga abin da za a rataye, tunda ba ya kama ƙura kamar mai, ba ya kuma gangarowa ya jiƙa itace. Faifan tagullar da ke ƙarshen gindi, mai 'yar ƙofar da soja ke ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu, na goge shi da tsumma kawai ban sa masa man ƙyalli ba.

Banatin ya fi bindigar burge ni, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya, shi zan ɗauka, saboda babu abin da aka yanke ko aka toshe a jikinsa, yana nan yadda ya fito daga ma'ajiyar soja. Ruwansa inci 17 ne, kimanin santimita 43, kuma an yi shi da wannan tsawo ne don a rama gajartar bindigar, kada sojan Ingila ya kasa kai wa abokin gaba mai doguwar bindiga. An ɗauko fasalinsa daga banatin bindigar Arisaka ta Japan, shi ya sa na farko-farko suke da ƙugiya a ƙarfen da ke kare hannu. An daina yin ƙugiyar a 1913, aka kuma yanke ta daga yawancin waɗanda ke hannun sojoji idan sun zo gyara, sannan a 1916 aka fara huda ɗan rami a ƙarshen mariƙi don fitar da ƙasar da ke toshe wurin ɗaurawa. Waɗannan sauye-sauye biyu suna taimaka wa mai saye ya gane ko banati ya dace da shekarar da ke jikinsa. A gindin ruwan, ta gefe ɗaya, akwai kambi da haruffan sarki da lambar 1907, wadda shekarar samfurin ce, sai wata da shekarar da aka karɓe shi a ƙasanta, sai sunan maƙera. Mutane da yawa suna ɗaukar 1907 a matsayin shekarar ƙira, wasu dillalan kuma ba sa gyara musu. Ta ɗaya gefen akwai kan kibiya da hatiman masu dubawa da harafin X, wanda ke nuna cewa an lanƙwasa ruwan an gwada shi ya koma daidai. Wilkinson da Sanderson ne suka ƙera mafi yawa, saboda haka nasu ne mafi araha, na Mole da na Vickers kuwa ba su da yawa, kuma kuɗinsu ya nuna hakan.

Nawa na 1917 ne, ruwansa lafiya lau, ba a wasa shi da dutsen injin ba, maɓallin sakinsa yana aiki, kuma ya hau bindigar ya zauna daram babu girgiza. Kuben fata ne mai ƙarfe a baki da ƙarshe, kuma shi ne sashe mafi rauni a duk kayan. Fatar tana ƙanƙancewa da shekaru, ɗinkin baya yana ruɓewa, kuma idan aka zare wuƙar aka riƙe kuben a kwance daga baki, nauyin ƙarfen ƙarshe yana iya karya shi. Shawarar da aka saba bayarwa ta a shayar da shi mai har ya yi laushi ba ta da kyau, domin man yana sa fatar ta saki, ya kuma ƙara ruɓar da zaren. Gogewa da busasshen tsumma da ɗan kaki ya isa. Ban kuma ajiye wuƙar a cikin kuben ba, saboda fata tana riƙe danshi, kuma yawancin ramukan tsatsa da ake gani a kan ruwan tsofaffin banatai daga nan suka samo asali. Mariƙin itace ne guda biyu da sukurori biyu suka ratsa, kuma sau da yawa akwai tsatsa a ƙarƙashinsu, amma idan sukurorin sun ƙi motsi bayan an jiƙa su da mai, barin su ya fi tilasta musu.

Jabu ya yi yawa a wannan kasuwa, musamman a wurare biyu. Na farko shi ne banati mai ƙugiya, wanda kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa, har ya sa wasu suke yi wa na gama-gari waldar ƙugiya. Banatin da ke da ƙugiya amma shekararsa ta wuce 1913 nesa, ko wanda launin ƙugiyarsa ya bambanta da na sauran ƙarfen, abin tuhuma ne, sai dai a tuna cewa Lithgow ta ci gaba da yin ƙugiyar na ɗan lokaci bayan Ingila ta daina. Na biyu shi ne bindigogin da maƙeran yankin Khyber, a kan iyakar Pakistan da Afganistan, suke kwaikwaya da hannu. Ana gane su da ƙarfe mai laushi, da harafin N da ya juya baya a cikin sunan Enfield, da kuma hatimin Sarauniya Victoria tare da shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a 1901. Akwai kuma bindigogin da aka yanke musu itace bayan yaƙi aka mayar da su na farauta, daga baya wani ya sake musu sabon itace ya ce na asali ne. Ana gane su da launin itacen da bai yi daidai tsakanin gindi da gaba ba, da kuma rashin hatimi ko ɗaya a jikin sabon.

Idan aka kwatanta ta da ƙanwarta No. 4, wadda aka fara rabawa sojoji a 1941, No. 4 ta fi ta ingancin saiti da sauƙin ƙira, amma banatinta na yau da kullum ɗan tsinken ƙarfe ne marar kyan gani, kuma yawancinsu baƙin fenti aka shafa musu. Wanda kuma toshewar ta tsaya masa a rai yana iya duba Martini-Henry ta shekarun 1870, wadda dokar Ingila ta yarda a ajiye ta a matsayin kayan tarihi ba tare da an lalata ta ba, saboda harsashinta na cikin waɗanda aka daina yi, muddin ba harba ta za a yi ba. Farashin SMLE da aka toshe yana cikin ɗaruruwan fam, banati na gama-gari kuwa bai kai rabin haka ba, shi ya sa nake ganin sabon shiga ya fara da banati, ya koyi karanta hatimi da tsayar da tsatsa a kan abu mai sauƙin kuɗi. Doka ta hana sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana yawo da shi a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Ga mai karatu Bahaushe, wannan bindiga ba baƙuwa ba ce. Bindigogin dangin Lee-Enfield su ne makamin rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya fara haɗawa a 1897, wadda Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyinta na Najeriya. Da su kakanninmu suka yi yaƙi a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 a dazuzzukan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu, inda sunaye irin su Arakan da Myohaung da Dalet suka samo asali kafin a raɗa su wa barikoki a Legas da Kaduna, haka ma barikin Chindit na Zariya. 'Yan sanda ma sun daɗe suna rataye da ita bayan samun 'yancin kai. Sai dai wannan kusanci bai sa ta zama abin ajiyewa a gida a Najeriya ba. Dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin soja masu harsashin .303 a cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma takardar shaidar Birmingham ko ta Landan takarda ce ta dokar Ingila, ba za ta kare kowa a filin jirgin Kano ko na Abuja ba. Wanda ke gida yana son ganin makaman wancan zamani sai ya nufi gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda ke Ingila kuma ya ziyarci Royal Armouries a birnin Leeds, inda aka mayar da tarin samfuran masana'antar Enfield a 2005, shekaru bayan an rufe ta a 1988.